Hanyar keke daga Tiga zuwa Wudil: abin da na rubuta tun farkon aikin

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Bismillah. Yau na sayi ɗan littafi na fara rubutawa dan kar in manta abubuwa. Aikin dai shi ne in fitar da hanyar keke daga madatsar Tiga har gadar Wudil ba tare da an hau kwalta ba sai inda ya zama dole, wato burji, gefen kanal, burtali, hanyar gona, duk inda taya za ta iya bi. In na gama in zana ta a taswira yadda duk wanda ya ɗau kekensa daga Kano zai iya bi ko da bai san kowa ba a can.

Keken nawa na gwanjo ne, irin mai lanƙwasasshen hannu, giya tara a baya, na cire siririyar tayar da ya zo da ita na sa mai faɗin milimita 40 mai ƙuraje. Mu uku ne, ni da ƙanina da wani abokina mai gyaran waya wanda shi ne ya iya harkar manhajar taswira. Tunda litar fetur ta haura naira dubu kekuna sun dawo titi sosai a Kano, amma titin cikin gari da 'yan adaidaita da manyan motoci ba wajen shaƙatawa ba ne, kullum ranka a hannu, ga kuma ƙasa shimfiɗe nan kudu da mu cike da ruwa da kore wacce yawancin samarin unguwarmu ba su taɓa gani ba sai ta tagar mota in za su Zariya. Wannan ne yake damuna gaskiya.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Fita ta farko. Mun ɗora kekuna a mota bayan asuba muka sauka Tiga, wajen kilomita 70 daga cikin gari. Na sha ganin dam ɗin amma tsayawa a kusa da shi da sassafe ga hazo ya kwanta kan ruwa ga masunta suna dawowa da kwale-kwale wani abu ne daban. An gina shi tsakanin 1971 da 1974 zamanin mulkin Audu Bako, a kan kogin Kano, kuma ruwan da yake iya riƙewa ya kusa kubik mita biliyan 2, duk noman ranin da za mu ratsa nan gaba daga nan yake sha.

Daga Tiga muka nufi Ruwan Kanya, ƙaramar madatsar da ruwan yake fara zuba kafin ya shiga babban kanal. Burjin nan ja ne mai tauri, yana da daɗi sai inda ya yi ƙunya-ƙunya kamar allon wanki, hannu har ya mutu. Abin da ya ba mu wahala shi ne tsidau. Ƙanina ya ɗan sauka gefen hanya dan ya ba wa amalanke wuri, kafin mu yi taku ɗari tayarsa ta baya ta kwanta, da muka duba ƙaya shida muka zare. Tiyub ɗaya muka zo da shi na ajiya, ya tafi, bayan rabin awa tawa ma ta sace. Allah ya haɗa mu da mai faci a wani ƙauye ƙarƙashin darbejiya, yana ta aikinsa da ɗan kwanon ruwa yana nutsa tiyub yana neman kumfa, ya ce mana samari ku bi tsakiyar sawun da babura suka daka, gefe na ƙaya ne. Na rubuta wannan a shafin farko da manyan baƙi. Kilomita 19 kawai muka yi yau.

Asabar, 7 ga Disamba

Yau ce ranar da na san aikin nan zai yiwu. Mun kama hanyar da ke bin gefen babban kanal daga Ruwan Kanya muka gangaro wajen Kadawa, kuma wallahi ban taɓa tuƙa keke a wuri mai daɗin wannan ba, ruwa na tafiya a gefenka shiru ba inji ba komai, gangara ce kawai take kai shi tun daga dam, kai ma haka gangaren yake ɗan tura ka ba ka ma sani ba sai ka ga kana gudu ba ka gaji ba. Wannan shi ne aikin ban-ruwa na kogin Kano da hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are take kula da shi, ya ratsa ƙasar Bunkure da Garun Malam da Kura, can gaba kanal ɗin ya rabu biyu reshen gabas da na yamma, daga nan ƙanana su yi ta fita kamar jijiyoyin ganye har cikin gonaki. Kowane kanal akwai hanya a gefensa, shi ne sirrin wajen ga mai keke.

An gama yankan shinkafar damina, wasu wuraren an shimfiɗa ta a kan leda rabin hanya ana shanya, dole ka sauka ka tura keke ka zagaye, kar ka kuskura ka taka, abincin mutane ne da kuɗin shekara. Masu alkama kuma sun riga sun yi shuka, ta fara fitowa siriri kamar gashin jariri, tumatir ana ta dashe.

A nan muka haɗu da wani dattijo a kan tsohon keke Phoenix baƙi, ya ɗaure buhun taki a kariya da fartanya a jikin ƙarfe, giya ɗaya tal, yana tafe a natse. Muka gaisa ya ce daga ina, na ce Baba daga birni muke, hanyar keke muke nema har Wudil. Ya tsaya ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa ya dube mu ya ce to ku ina kuka ga ta ɓata, ai tana nan, mu da ita muke zuwa kasuwa tun kafin a haƙa kanal ɗin nan. Sai ya tsuguna ya ɗau tsinke ya zana mana a ƙasa, nan kwalbati ne ya karye ku bi ta hagu, nan akwai yashi ku sauka, nan bayan an saki ruwa ranar ba ta biyuwa sai washegari da rana. Abokina yana duba waya yana gwadawa, biyu daga hanyoyin da Baba ya zana babu su kwata-kwata a Google Maps, ɗaya kuma da wayar ta nuna a matsayin titi Baba ya ce an nome ta shekaru da yawa. Na ɗau hoton zanen kafin iska ta share. Da za mu rabu ya taɓa tayata ya ce wannan za ta yi, amma sirdin nan naka ɗana ba na mai tafiyar yini ba ne. Gaskiya ya faɗa, na canja shi a satin.

Abu ɗaya da zan sa a taswirar da jan biro: kar a shiga kanal wanka ko da zafi ya kai ina. Ruwan yana da kyau a ido amma akwai tsargiya a yankin, ƙwayar tana zaune a jikin dodon koɗi ta shiga fata ba ka ji ba, ƙarshenta fitsarin jini. Ƙanina har ya fara cire takalmi na hana shi. Kilomita 34.

Lahadi, 22 ga Disamba

Ba fita. Hazo ya yi yawa, mura ta kama ni. Na zauna na wanke sarƙa da kananzir, ƙurar burji da mai sun haɗu sun zama kamar kwalli suna cin haƙoran giya, daga yanzu mai kaɗan zan riƙa sawa in goge. Abokina ya fara ɗora hanyoyin Baba a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa zai iya ƙara hanya a kai.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Na yi kuskure yau kuma ina so in rubuta shi yadda ya faru. Tsakanin wani ƙaramin kanal da hanyar da za ta fitar da mu wajen Garun Malam akwai zagaye na kusan kilomita 3, sai na hango wata siririyar hanya a kan gaɓar da ta raba gonakin alkama biyu, a miƙe, na ce mu yanke ta nan. Muka hau mu uku a jere. Ashe gaɓar da safen nan aka ɗaga ta, ƙasar ba ta bushe ba, tayoyinmu suka tsaga ta wuri biyu ruwan da mutumin ya tare a fanginsa ya ɓalle ya shiga na maƙwabcinsa. Mai gonar ya taso daga can ƙarshe yana ɗaga hannu, ransa a ɓace sosai, kuma yana da gaskiya, ya ce tun kafin asuba yake nan yana jiran layinsa na ruwa, ruwan nan ba kullum ake samu ba kowa da ranarsa, ku kun zo yawon shan iska kun zubar min. Ban iya cewa komai ba sai Allah ya ba ka haƙuri Malam. Muka jingine kekuna muka karɓi fartanya muka toshe da shi, ya fi awa ɗaya, laka har gwiwa.

Da muka gama ya ɗan sauko ya ce mu je mu gai da mai unguwa tunda za mu riƙa wucewa. Muka je, na ce ranka ya daɗe ga abin da ya kawo mu ga kuma ɓarnar da muka yi. Ya saurara har na gama, ya ce ba wanda zai hana ku hanya, amma in za ku rubuta wa mutanen birni su zo to ku rubuta musu cewa gaɓar gona ba hanya ba ce, kuma in sun ga mata suna ɗiban ruwa ko wanki a bakin kanal su rage gudu su yi sallama su wuce, ban da ɗaukar hoto. Na ce insha Allah.

Da na dawo gida na buɗe taswirar na goge duk wata yankan hanya da na sa wacce ta bi ta kan gaɓa, guda biyar ne, tafiyar ta ƙaru da wajen kilomita 8. Abin da ya tsaya min a rai shi ne da ban faɗa wannan ba da na wallafa ta haka, mutum ashirin su biyo layin da na zana a rana ɗaya, su wa za su toshe wa manomi ruwansa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Daga wajen Kadawa zuwa Kura. Lokacin tumatir ne sosai, ko'ina ja, kwanduna jere a bakin hanya, babura ɗauke da uku-uku suna fitowa daga gonaki zuwa Kwanar Gafan inda manyan motoci suke lodi zuwa kudu. Mai keke ya sani daga hantsi zuwa azahar hanyoyin kanal na kusa da kasuwar ba nasa ba ne, ƙura kaɗai ta isa, gara ka wuce kafin takwas. Wasu kuma sun yanka sun baza a ƙasa suna shanya saboda farashi ya faɗi, ƙamshinsa mai ɗan tsami yana bin ka har nesa. Wani matashi da muka sha ruwa tare ya ba mu labarin shekarar 2016 da tsutsar nan da suke kira sharon ta cinye gonaki a 'yan kwanaki, ya ce mahaifinsa bai tsinki kwando ko ɗaya ba, har yanzu in ya ga ganye ya fara yin fari-fari gabansa faɗuwa yake.

Kura gari ne na shinkafa yanzu, injinan casa ko'ina da tukwanen turara, amma kakata in ta ce Kura rini take nufi, baƙin rawanin nan ɗan Kura mai ƙyalli da Buzaye suke saye. Mun ci gurasa da ƙuli mun cika gorunan ruwa. Na sa Kura a matsayin wajen kwana ga wanda zai raba tafiyar biyu. Kilomita 27, faci ɗaya.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi, mun dakata. Da daddare bayan tarawihi muna zama da abokina muna gyara sunaye, dan na ga gara a sa sunan da mutanen wurin suke kiran waje da shi, in ka ɓata ka ce wa mutum ina ne gadar ƙarfe ko ina ne tsamiyar makaranta zai nuna maka, in ka nuna masa lamba a waya ba abin da zai gane.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mafi wahala kawo yanzu. Daga Kura muka nufi Tamburawa, wajajen da kogin Kano da na Challawa suka riga suka haɗe suka zama ɗaya. Challawa ma an datse shi can sama a ƙasar Ƙaraye, an gama wannan dam ɗin a 1992, saboda haka ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Tamburawa da rani kusan duk wanda aka sako ne daga madatsun biyu. A nan dole muka hau kwalta muka tsallake gadar, titin Zariya ne motoci na gudu kamar me, shawarata a sauka a tura keke ta gefe, minti biyar ne.

Bayan gada muka sauka ƙasar Dawakin Kudu muna neman bin kogi kurkusa, nan ne muka sha kashi. Yashi. Tifofi masu ɗiban yashi sun farfasa hanyoyin da ke gangarawa kogi sun zama gari, taya tana nutsewa keke ya tsaya cak, na rage iska sosai ya ɗan taimaka amma duk da haka mun tura ya kai kilomita 4 a ƙafa, ga rana ta Afrilu, ƙarfe goma sha ɗaya ƙarfen keke ba ya taɓuwa. Ruwanmu lita uku-uku ya ƙare kafin azahar, ƙanina ya fara jin jiri muka kwantar da shi ƙarƙashin mangwaro a wani lambu, mai lambun Allah ya saka masa ya kawo ruwan randa da mangwaro ya ƙi karɓar ko sisi. Kuma abin ya ba ni tausayi ganin yadda gaɓar kogin take zaftarewa inda aka kwashe yashi, mai lambun ya nuna min wajen da ya ce da gonarsa ta kai, yanzu rami ne.

Hukunci: daga Maris zuwa saukar ruwan sama wannan ɓangaren a fara shi da asuba a gama kafin goma, kuma layin zai ja baya daga bakin kogi ya bi ta cikin ƙauyuka inda ƙasa ta fi tauri, ko da ba za a riƙa ganin ruwa ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Alhamdulillah mun shiga Wudil. Da gangan na zaɓi Juma'a saboda kasuwar shanu, ina so in ga yadda hanyar take a ranar da ta fi cika. Ta ƙasar Warawa muka biyo, burtali ne mafi yawa, kuma tun da sassafe muke haɗuwa da garke ana kora su kara, in ka ga haka ka tsaya gefe ka sauka ka bar su su wuce, kar ka buga ƙararrawa kar ka kutsa tsakiya, wani bafulatani ya ce mana saniya ba ta tsoron babur kamar yadda take tsoron keke dan shi ba ya ƙara sai dai ta gan shi kwatsam.

Na daɗe tsaye a kan gadar Wudil ina kallon ruwan. Daga nan sunansa yake komawa kogin Haɗeja, ya bi ta Ringim ya je Haɗeja ya bazu a fadamun Nguru, abin da ya rage ya shiga Komadugu Yobe ya nufi tafkin Chadi. Ruwan da muka gani yana ba alkama a Kadawa shi ne wanda bai iso nan ba, kuma mutanen can ƙasa sun daɗe suna kukan tun da aka yi madatsun ambaliyar da take jiƙa musu fadama ta canja, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Ina son wata rana in ci gaba da layin har can amma ba bana ba.

Jimillar abin da wayar ta haɗa daga Tiga: kilomita 112, kwalta a ciki bai kai 6 ba. Mun ci soyayyen kifi a bakin gada muka yi sallar Juma'a muka sa kekuna a mota.

Asabar, 19 ga Yuli

Na ɗauka an gama, ashe rabi aka yi. Na koma ni kaɗai in gwada daga Kadawa zuwa Kura da damina, hanyar da muka bi a Fabrairu cikin awa biyu yau ta ci min biyar. Laka irin mai danƙo ta cika tsakanin taya da ƙarfe har ƙafar ta daina juyawa, sai ka nemi tsinke ka sassaƙe ka yi taku hamsin ta sake cikawa. Burtali biyu sun zama rafi. Wata hanyar da na sa mata kore, wato mai sauƙi, masara ta rufe ta ruf an shuka har tsakiya. Amma manyan hanyoyin gefen kanal da aka zuba wa burji suna nan garau, har sun fi daɗi ma dan ba ƙura, ga shinkafa kore shar iya ganinka.

Na bi ta ƙauyen Baba mai Phoenix na same shi a ƙofar gida yana gyaran birki. Na ce Baba hanyar da ka zana mana ta kusa da kwalbati ba ta biyuwa. Ya ce ai ta rani na ba ku, da rani kuka tambaye ni. Ya sake ɗaukar tsinke ya zana min ta damina, ta fi tsawo, tana hawa ta jigawa ta zagaye fadamar gaba ɗaya, na bi ta na dawo kuma ko sau ɗaya ban sauka ba.

Lahadi, 10 ga Agusta

Mun zauna mun raba taswirar gida biyu, ta rani daga Nuwamba zuwa Mayu, ta damina daga Yuni zuwa Oktoba. Ta rani ta kammala sai 'yan gyare-gyare, masu faci 9 na sa a kai da wuraren samun ruwan sha da masallatai, da gargaɗin mai unguwa a sama yadda ya faɗe shi. Ta damina ɓangare ɗaya kawai nake da shi cikin biyar. Daga Tiga zuwa Ruwan Kanya ina jin ba zai canja sosai ba tunda ƙasar tudu ce, wanda nake tsoro shi ne Tamburawa zuwa Wudil, kogi ya cika yanzu kuma an ce wasu ƙauyukan sai da kwale-kwale, in haka ne sai in tambayi masu fito ko suna ɗaukar keke da nawa.

Ƙanina ya koma makaranta, abokina ne kawai zai raka ni. Mun sa Asabar 23 ga wata in ba a yi ruwa daren Juma'a ba. Kafin nan zan sayi robar birki sabuwa, lakar Yuli ta cinye ta baya har ƙarfe, sannan in buga hoton zanen Baba guda biyu a takarda in kai masa, ya ce yana so ya nuna wa jikokinsa.